Wane ne "an" a cikin "an ɗauke wuta"?

A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa Nijar, wata ɗalibar ilimin harsuna tana hutu a gidansu a Maraɗi. Ƙanƙarar da mahaifiyarta ke sayarwa, wadda da kuɗinta ake biyan hidimar karatunta, ta narke a firji. Ɗalibar ta ce, kamar yadda kowa ke cewa, "An ɗauke wuta."

Mahaifinta, wanda ya yi ritaya daga tashar kwal ta Anu Araren a jihar Agadas, ya dube ta ya ce, "Ƴata, ke da kike karatun harshe, wane ne 'an' ɗin nan?"

Ta san amsar aji: wakilin suna ne da ake amfani da shi idan ba a san mai aikin ba, ko ba a son ambatonsa. Sai tsohon ya ba ta tasa amsar. A tashar da ya yi aiki, kwal ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla, daga nan lantarki ke fitowa. A madatsar Kainji ƙarfin ruwa ne ke juya farfelar, a Goru Banda kusa da Yamai kuwa injunan mai ne ke aikin. Tashar hasken rana ta Malbaza ce babu abin da ke juyawa a cikinta.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne cewa lantarkin layi ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Wutar da ke haska ƙwai yanzu, yanzu ake samar da ita. Idan buƙata ta zarce ƙarfin injuna, saurin juyinsu yakan ragu, kuma muddin ba a rage musu kaya ba, tashar duka na iya tsayawa. Dole ma'aikacin da ke bakin aiki ya yanke wata unguwa domin sauran su tsira.

"Na sha zama 'an' ɗin nan," in ji shi. "Ina sane akwai mai jego da mai sana'a a ƙarshen wayar."

Ta tambaye shi, "Baba, to na wannan karon fa?" Ya ce wannan ba gazawar inji ba ce, shawarar shugabanni ce, kuma ƙasar da ke sayen mafi yawan wutarta daga waje ba ta da iko da makunninta.

Da ta koma jami'a, jimlar nan ta zaɓa don nazarinta na shekara. Ta tattara irinta daga bakin mutane: an kawo, an ɗauke, an yanke, an gyara. A gaban kowace ta ja layi, ta bar gurbin rubuta mai aikin.