Ɗan Tsuntsu Mai Nitso A Tabkunan Bayan Kasuwar Shanu

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Kasuwar Shanu, inda ake kawo dabbobi daga ƙauyukan Barno da ƙasashen Chadi da Kamaru da Nijar, a loda su cikin manyan motoci zuwa Kudu. Tsuntsun da kowa ya sani a wajen shanu shi ne balbela, mai bin sawun garke tana tsintar fara. Amma in an bar hayaniyar dillalai aka bi Kogin Ngadda, wanda ya ratsa birnin ya malala cikin fadamar Jere, akwai kududdufai da tabkunan da damina ke cikawa, inda mai haƙuri kan yi katari da wani ɗan tsuntsun ruwa da ba kasafai ake lura da shi ba.

Masana suna kiransa Tachybaptus ruficollis, watau mai saurin nitso, mai jan wuya. Tsawonsa bai kai santimita 30 ba. Daga nesa sai a ɗauka ɗan agwagwa ne, amma bakinsa tsini gare shi, ba shi da wata jela ta a-zo-a-gani, kuma kowane yatsansa fale-fale yake kamar ganye. Ƙafafunsa can baya suke, shi ya sa tafiya a tudu take yi masa wuya. A ruwa kuwa, kafin ƙiftawar ido ya nitse, ya yi daƙiƙa 10 ko 20 yana farautar ƙwari da 'ya'yan kwaɗi da ƙananan kifaye, sa'an nan ya ɓullo a wani wuri dabam. Kukansa kamar haniniyar doki yake, sai dai siriri ne.

Abin mamaki shi ne sheƙarsa. Mace da namiji sukan tara ciyawar ruwa su yi tudu mai yawo bisa ruwa, su maƙale shi jikin kacalla. Macen takan saka ƙwai 4 zuwa 6, su riƙa kwanci bi da bi har wajen kwana 20. In mai kwanci ya ji motsi, sai ya rufe ƙwan da ciyawa, ya sulale. Da an ƙyanƙyashe, sai 'yan tsakin masu zane-zane su hau bayan iyaye kamar goyo.

Mai son ɗaukar hotonsa sai ya fara da neman izinin bulaman unguwa, ya kuma sanar da jami'an tsaro, domin kyamara a bakin daji takan jawo tambaya a garin da ya sha fama da tashin hankali. Ya fito da sassafe, ya ba rana baya, ya zauna ƙasa cikin tufafi masu duhu, ya yi aiki da kyamara mai jawo nesa kusa. Lokacin matsawa gaba shi ne sa'ad da tsuntsun ke ƙarƙashin ruwa. Da ya ɓullo sai a tsaya cik. Kada a kusanci sheƙa, don in iyaye sun daɗe da gudu, hankaka ko zafin rana na iya halaka ƙwan.

To, amma wannan tsuntsu ba ya zama inda ba abinci. Ledoji da dattin mayanka da ake turawa kogi suna ɓata ruwan da yake kiwo a ciki, yara suna harbinsa da danƙo, kududdufai kuwa ana cike su ana gini. Ambaliyar 1994 da ta 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, sun nuna cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Ya kamata hukuma da shugabannin kasuwa da masu unguwanni su kiyaye waɗannan tabkuna, domin su ne mashayar dabbobi, su ne kuma masaukin ruwa in ya yi yawa.