Sauran Giyar Inabi: A Ɗauka Ko A Bari?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili in yi magana a kan wata al'ada ta Turawa. Na san galibin masu karanta jaridan nan ba su shan giya, addininsu ya hana, ni kuwa ba kiran kowa na ke yi zuwa gare ta ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda kunya ke sa mai hankali ya yi asara, ko ma ya jefa ransa cikin haɗari.

A ƙasashen Turai da Amurka, in mutane suka shiga gidan cin abinci sukan sayi giyar inabi kwalba guda. Kwalban nan tana cin santilita 75, watau kamar tambulan biyar, kuɗinta kuwa sau da yawa yakan ninka na kanti biyu ko uku. To, mutum biyu sun ci sun ƙoshi, ga rabin kwalba ya saura. Su yi yaya da shi? A da, musamman a Faransa, ganin ƙasƙanci a ke yi wa wanda ya fita da ragowar tebur, sai a ce ko matsiyaci ne ko marowaci. Mutanen Amurka sun sami dabarar kauce wa wannan kunya wajen abinci, suka laƙaba wa ƙunshin ragowa suna jakar kare, wai karensu na gida za su kai wa. Amma fa kare ba ya shan giya, saboda haka mai kwalba ba shi da inda zai fake.

Wanda ya ji kunya, ɗayan biyu zai yi. Ko ya bar abin da ya saya da guminsa, ko kuwa ya ce ba zai yi asara ba, ya ɗaga kwalba ya shanye, sa'an nan ya fita ya kama tuƙin mota da dare. Na biyun nan shi ne mugun abu, gama ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da na mai tafiya a gefen hanya wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Doka ma da farko ta ƙara ɗaure al'amarin. Cikin shekarar 1998 Gwamnatin Amurka ta yi doka cewa duk jihar da ba ta hana ajiye buɗaɗɗiyar kwalbar giya a wurin zaman mutane cikin mota ba, za a karkatar da wani kashi na kuɗin gina hanyoyinta. Ga shi kuma a jihohi da yawa lasin ɗin mai gidan abinci na sha a nan ne kaɗai, ba na fita da ita ba. Da aka lura wannan yana tura mutane su shanye kwalba, sai jihohi suka shiga sassautawa. Jihar Niyok ta yi tata dokar cikin 2004, da sharuɗɗa: lalle mutum ya ci cikakken abinci tare da giyar, a toshe kwalbar sosai, a sa ta cikin jaka mai nuna abin da ke ciki wadda in an buɗe za a gane, a ba shi rasit mai kwanan wata. Faransa kuwa, inda kunyar ta fi ƙarfi, tun daga 1 ga Yuli 2021 tilas mai gidan abinci ya ba wanda ya nema abin da zai ɗauki sauran ci ko shansa, sai fa irin abincin da a ke cewa ci iya cikinka, da kwalabe masu kuɗin ajiya.

Doka ta ba da izini, saura ladabi, shi ne kuwa wurin da ya fi wuya. A ganina kwalba ta wanda ya biya ce. In wani ya gayyace ka, bakinka kada ya fara ambatar ragowa, ko da kai ka zaɓi giyar; in ya miƙa maka, ka karɓa da godiya. In tarayya aka yi wajen biya, sai a yi wa juna tayi, ba mai saurin hannu ya rungume ba. Wanda ya tara manyan baƙi domin sha'anin ciniki, gara ya bari sai sun tashi ya yi wa mai kawo abinci magana a hankali, don kada su zaci lissafin abin da suka sha ya ke yi. Wanda kuma ya kai kwalba gidan abokinsa, wannan kyauta ce, ta zama ta mai gida ko an buɗe ko ba a buɗe ba.

In abin da ya rage bai kai tambulan guda ba, neman a ƙunshe shi wahalar da ma'aikaci ne kawai. Waɗansu sukan bar wa ma'aikatan gidan da gangan, in giyar mai tsada ce, don su ɗanɗana abin da kullum su ke zuba wa wasu. Wannan karamci ne, ya bambanta da barin da girman kai ke sawa, wanda Hausawa suka kira rawanin tsiya. Mu da muka tashi da ɗumamen tuwon jiya ba sai an koya mana cewa ragowa ba abin kunya ba ne.

Wanda ya ɗauka ya sa ta cikin but ɗin mota, nesa da direba. Ya kuma sani da zarar an cire abin toshiya iska ta fara aikinta, ko an mayar an ajiye wuri mai sanyi kwana uku zuwa biyar ne ɗanɗanonta zai fara lalacewa, daga nan sai ta miya.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu