Makon Sabon Zoɓo a Jega

Litinin
Sabon zoɓo ya shigo kasuwa. Inna ta aike ni in auno mata baƙi da ja da fari. Na tambayi mai awo daga wace gona aka kawo shi. Ya ce, "Malam, zoɓo ai zoɓo ne."

Talata
Inna ta dafa kowanne a tukunyarsa, ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Baƙin ya fi kauri da rini, tsaminsa a kwance, yana barin ɗan bauri a harshe. Jan kuwa tsinkakke ne, tsaminsa har haƙora. Farin ba launi, sai tsami zalla, shi ya sa ake kai shi miya. Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya san zoɓo ba ya cika masa kanwa."

Laraba
Na je Aliero wurin wani abokina malamin aikin gona. Da na ba shi labarin jiya, sai ya ɗauko zancen inabin Italiya da ake yin giya da shi. Giya haramun ce, ba ruwanmu da ita, amma tsarin nomansu abin dubawa ne. Kowane iri da sunansa da ƙasarsa. Sangiovese na yankin Toskana an san shi da tsami, shi ne ginshiƙin giyar Chianti. Nebbiolo na Piyemonte launinsa bai kai baurinsa ba, don haka doka ta ce giyar Barolo da ake yi da shi sai ta kwana wata 38 kafin a sayar. Primitivo na Puliya da Nero d'Avola na tsibirin Sisili sun sha rana, sun fi duhu da zaƙi. Tun 1716 aka shata iyakar gonakin Chianti, a 1963 kuma aka yi dokar kare sunan asali a faɗin ƙasar. Manomi yana sayar da sunan gonarsa tare da amfaninta.

Alhamis
Maiyama, gonar kawu. Zoɓo a gefen gero yake, kamar ɗan riƙo. Iri a gauraye, shanya a ƙasa, ƙura da tsakuwa duk a buhu ɗaya. 'Ya'yan da suka rage mata za su yi daddawar batso da su. Na ce, "Kawu, da za ku ware baƙin a shuka shi daban fa?" Ya ce idan ɗan kasuwa zai ƙara kuɗi, bana ma sai ya ware.

Juma'a
Bayan masallaci muka ci gaba da hira da abokina malamin gona. Jigawa ce kan gaba a noman zoɓo a Najeriya, daga kasuwanni irin Maigatari ake lodinsa har Meziko. Mutanen Senegal sun raɗa wa nasu irin suna, akwai Vimto, akwai Koor, mai saye ya san abin da yake nema. Italiyawan ma sun sha zoɓo a madadin shayi lokacin da aka ƙaƙaba musu takunkumi a 1935 saboda mamayar Habasha.

Asabar
Inna ta ƙulla baƙi daban, ja daban, ta ɗora wa baƙin ƙarin kuɗi. Kafin la'asar ya ƙare, jan ya yi kwantai. Ta sa na kira kawu a waya, ta ce, "Yaya, ka ware mini irin baƙin nan, buhu biyu nake so baɗi, kuma a shanya a kan tabarma."