Na Ɗora wa Jaguwa Laifin da Ba Nata Ba

Shekara uku ke nan ina riƙe da shafin namun daji a wata mujalla, kuma babu rubutun da ya taɓa jawo mini yabo kamar wanda na sa wa suna "Ba a Sarki Biyu a Dawa Ɗaya". Shi ne kuma rubutun da in na tuna shi yau nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani ɗan gajeren bidiyo ne ya ja ni. An turo mini shi a waya, bai kai minti ɗaya ba: mazan jaguwa biyu a kan yashin bakin kogi a Pantanal, ƙatuwar fadamar nan da ta ratsa Barazil da Bolibiya da Faraguwai. Suka yi cirko-cirko, suka yi gurnani, sai kawai suka sarƙe, ƙura ta tashi. Da ta lafa, ɗaya ya faɗa ruwa da fuska a yage, ɗayan ya tsaya yana haki. Na kalla ya fi sau goma. A daidai lokacin kuwa, 'ya'yan baffannina sun maka juna a kotu kan gonar gado, har an daina gaisawa a wurin jana'iza. Raina a ɓace yake, ina neman inda zan sauke wa'azi, sai ga jaguwa ta kawo kanta.

Ga wanda bai san ta ba, jaguwa 'yar'uwar damisa ce, amma a nahiyar Amurka kaɗai ake samun ta, galibi daga Meziko har arewacin Ajantina. Ta fi damisarmu kauri da girman kai, kuma in ka lura da zanen jikinta za ka ga ɗigo a tsakiyar zobban, abin da damisa ba ta da shi. A dangin kyanwa, damisar Asiya mai ratsi da zaki kaɗai suka fi ta girma. Namiji a Pantanal yakan haura kilo 100. Tana iyo kamar kifi, tana farautar kada, kuma salon kisanta daban ne: sau da yawa ba ta bi ta maƙogwaro, ƙoƙon kai take hudawa da fiƙa. Duk wannan na rubuta shi daidai. Inda na kwafsa shi ne sakin layi na huɗu, inda na ce tun da jaguwa ba ta da na gaba da ita a dajinta, to ajalinta na hannun ɗan'uwanta, kuma "mafi yawan mazan jaguwa a bakin 'yan'uwansu suke mutuwa, a kan iyaka". Daga nan na gangaro kan mutane da gonakin gado, na yi ta zuba. Wannan jimla ban karanta ta a ko'ina ba. Daga bidiyon minti ɗaya da ɓacin raina na ƙera ta.

Bayan kamar mako biyu sai ga saƙo daga wata tsohuwar ɗalibata, tun zamanin da nake koyarwa, wadda yanzu likitar dabbobi ce. Ta yi doguwar gaisuwa, ta tambayi iyali, sannan ta ce: "Allah ya gafarta Malam, na karanta shafinka, na kuma ƙaru. Sai dai akwai inda ban gane ba. Da ka ce mafi yawansu a faɗa suke mutuwa, gawa nawa aka ƙirga, kuma wa ya ƙirga?"

Amsar da na ba ta ita ce kuskurena na biyu. Na ce, "Likita, ai wannan sanannen abu ne ga duk wanda ya san halin manyan namun daji." Na haɗa mata da bidiyon, kamar wanda ya kawo shaida gaban alƙali. Ta ce, "Na gani, Malam. Amma ai ko a nan ɗin ba wanda ya mutu." Na sake kallo. Gaskiyarta. Wanda aka yaga wa fuska ya yi iyo ya haye, ya shige ciyawa da ƙafarsa. Fiye da sau goma na kalli bidiyon nan, ban taɓa lura cewa babu gawa a cikinsa ba.

Kwana uku ban amsa mata ba. Na koma karatu, da niyyar in samo abin da zai wanke ni, kuma na samu ɗan abin kamawa. Mazan jaguwa suna faɗa, wannan ba ƙarya ba ne. Masu kai baƙi kallon jaguwa a kogin Kuyaba, wajen Porto Jofre, da tabon fuska da yagaggen kunne suke gane wasu tsofaffin maza. Wani lokaci faɗan yakan kai ga kisa. An kuma tabbatar namiji yakan kashe 'ya'ya ƙanana; a wani rahoto na 2006 daga yankin gandun dajin Emas a Barazil, gwajin jini ya nuna wanda ya kashe 'ya'yan ma shi ne ubansu. 'Ya'yan jaguwa, da uwa ke haifa bayan cikin kwana 100 ko kusa da haka, galibi biyu, su ne suka fi zama cikin haɗari kafin su kai shekara biyun da za su rabu da ita. Babba ma farauta takan ja masa rauni, don garken aladen dajin can ba sa gudu kullum, sukan juyo da haƙora.

Amma da na ci gaba, sai ƙasar da na taka ta fara zaftarewa. Yawancin rayuwar jaguwa a kan kauce wa faɗa aka gina ta. Namiji yana fitsari a kan hanya, yana barin kashi a fili, yana kartar ƙasa da bishiya, yana wani ruri mai kama da ƙarar zarto a jikin katako. Duk saƙo ne ga na bayansa: na bi nan, ka jinkirta. Dabbar da take ci da fiƙarta, ba ta da mai kawo mata abinci in ta karye, ba ta wasa da rauni. A farkon shekarun 1980, wani mai bincike, Alan Rabinowitz, ya sa wa wasu mazan jaguwa abin wuya mai na'ura a dajin Cockscomb na ƙasar Beliz. Ya tarar yankunansu sun shiga cikin juna, amma kowa yana bin sawunsa a lokacin da ɗan'uwansa ba ya nan. Wanda ya fi kashe mini jiki shi ne binciken da aka fitar a 2022, wanda ya tattara bayanai daga Pantanal da filayen Benezuwela. Cikin sama da sau 7,000 da aka ga namijin jaguwa, da ido ko da kyamarar da ake ɗanawa a daji, sau 105 kaɗai aka ga maza biyu sun yi hulɗa. A cikin 105 ɗin nan, 18 ne rigima. Guda 70 haɗin kai ne: maza biyu suna sintiri tare, suna sa alamar iyaka tare, har da cin nama ɗaya. Akwai waɗanda abotarsu ta haura shekara 7. Ga ni na rubuta ba a sarki biyu a dawa ɗaya, ga sarakuna biyu suna yawo kafaɗa da kafaɗa.

To in ba ɗan'uwanta ba, wa ke kashe ta? A nan ne zan faɗi abin da ya fi komai nauyi a bakina. Amsar tana cikin littafin da nake rubuta bayanai, da rubutun hannuna, tun kafin in rubuta wancan shafi. Na riga na karanta cewa da Rabinowitz ya duba gawarwakin jaguwar da aka kashe a Beliz bisa zargin cin shanu, ya tarar mafi yawansu suna ɗauke da tsohon raunin bindiga, wasu a ka, wasu a jiki. Wato mutum ya harbe ta bai kashe ba, ya bar ta da karyayyar fiƙa ko makahon ido, farautar daji ta gagare ta, ta koma kan maraƙi mai sauƙin kamu, sannan a ce ta zama ɓarauniya a sake bin ta da karnuka. Na karanta wannan, na ja masa layi, na kuma bar shi a waje, domin zai ɓata mini wa'azi. Da rashin sani ne, da da sauƙi. Na ga gaskiya na ɗauke kai saboda ba ta dace da ƙarshen da na riga na tsara ba.

Labarin kuwa a fili yake ga duk mai son gani. A shekarun 1960, lokacin da gayun Turai da Amurka ke rububin rigar fata mai zane, ana kiyasin jaguwa 15,000 ake kashewa duk shekara a dajin Amazon na Barazil kaɗai. Barazil ta hana irin wannan farauta a 1967, yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin fatar tsakanin ƙasashe daga 1975, kasuwar ta mutu, amma bindiga ba ta huta ba. A ƙarshen shekarun 1970 George Schaller da Peter Crawshaw suka fara binciken jaguwa a gandun shanu na Acurizal a Pantanal. Ba a daɗe ba ma'aikatan gandun suka kashe biyu daga cikin dabbobin da suke bibiya, aikin ya watse a wurin. Yau jaguwa ta rasa kusan rabin ƙasar da take yawo a da. Ta ƙare ƙaf a Urugwai da El Salbado. Ana sare dajinta a shuka waken soya ko a zuba shanu, mota na bankaɗe ta a manyan hanyoyi, kuma a 'yan shekarun nan an kama ɗaruruwan fiƙoƙinta a Bolibiya za a fitar da su ƙasar Sin. A 2020 gobara ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Pantanal. An tsinci jaguwa da tafin dagi a ƙone har ba sa iya takawa. Wani namiji da aka sa wa suna Ousado ya warke aka mai da shi daji a shekarar. Wata mace, Amanaci, ƙunarta ta yi tsanani har ba ta sake komawa ba.

Ko masu nufin alheri ba su fita ba. A Fabrairun 2009 aka kama wani tsohon namiji a tarko a jihar Arizona ta Amurka, wanda ake kira Macho B, aka sa masa abin wuya aka sake shi. Cikin mako biyu aka sake kamo shi ba ya iya tafiya sosai, likitoci suka ce ƙodarsa ta gaza, aka yi masa allurar mutuwa a ranar 2 ga Maris. Ya kai wajen shekara 15, abin da jaguwar daji kaɗan ke kaiwa. Duk tsawon shekarun nan ba wani namiji da ya kashe shi a kan iyaka.

Ba na son in gyara kuskure ɗaya da wani, in mai da makiyayan Barazil dodanni. Ni jikan mai shanu ne, na san yadda gida ke yin tsit ranar da aka wayi gari kura ta ja maraƙi. Ƙaramin makiyayin da ke da shanu 20, in jaguwa ta ci biyu, ba lacca yake buƙata ba. Shi ya sa masu aikin kare ta a can suka koma ga abin da ke rage asarar: shingen lantarki a inda shanu ke haihuwa, killace maruƙa da dare, da kuɗin baƙi masu zuwa kallo, wanda ya sa a Porto Jofre rayayyiyar jaguwa ta fi matacciya daraja. Wannan ne labarin da ya kamata in ba masu karatu. Na bar shi, na ba su tatsuniyar 'yan'uwa masu cin naman juna, wadda ta fi daɗin ji domin ba ta tuhumar kowa sai dabbar da ba ta karanta mujalla. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ni ne gardin.

A rana ta huɗu na kira likitar. Na ce, "Likita, ke ce da gaskiya, kuma amsar da na ba ki ba ta dace ba." Ta ce, "Haba Malam, ai kai ka koya mana tambayar wa ya ƙirga." Ban tuna na taɓa koya musu haka ba, amma ban musa ba. Edita ya yarda aka buga gyara, layi uku a ƙasan shafi, inda ba kowa ke kai ido ba. Kafin nan kuwa wani malamin sakandare ya riga ya rubuto mini da murna cewa ya karanta wa 'yan ajinsa rubutun, har ya sa shi a jarrabawa. 'Ya'yan baffannina ma, da na yi domin su, ba wanda ya janye ƙara.

Saboda haka, malam mai jarrabawa da duk wanda ya yanke wancan shafi ya adana, don Allah a ɗauko biro a soke sakin layi na huɗu gaba ɗaya. A gaya wa yaran nan cewa mazan jaguwa suna faɗa, wani lokaci har kisa, amma babban makashin jaguwa mutum ne, kuma wanda ya gaya musu akasin haka ya janye maganarsa.