Gonar da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Shekarar da na gama sakandare, tun hanya ba ta zama abin tsoro ba, wani abokina Bakano ya sauka gidanmu a Talata Mafara, rataye da kyamara, yana son ganin madatsar ruwa ta Bakolori. Kakana, wanda ya daɗe rabonsa da wurin, ya ce zai raka mu.

Muka kama hanyar Maradun da sanyin safiya, damina tana ban kwana. Shinkafa ta yi kore shar, balbelu suna bin shanu, masunta suna jefa birgi. Can sai ga ganuwar madatsar, mai tsawon fiye da kilomita 5, wadda ta tare Gulbin Sakkwato tun 1978. A bayanta ruwa ya shimfiɗu iya ganin ido. A gabanta magudanai sun ɗauke shi zuwa gonakin Mafara da Bakura.

“Da a wata ƙasa ce, da baƙi sun yi ta tururuwa,” in ji abokina. Na ji kaina ya fasu, kamar ni na gina ta.

Kaka bai tanka ba. Sai da muka natsa ya ɗaga sandarsa. “Ɗan nan, ka ga inda kwalekwalen can yake? Nan tsamiyarmu take. Gabas da ita gonar dawa, yamma da ita kabarin innata.” Ya faɗa mana yadda aka tashe su, da yadda manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, har ranar da aka buɗe musu wuta a Afrilun 1980. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi hawaye ba.

Kunya ta rufe ni, amma na kasa tsine wa ruwan. Da shinkafar rani da yake shayarwa mahaifina ya biya kuɗin karatuna. Ashe abin da ya ci gonar kakana shi ya saya mini alƙalami.

Da za mu tafi, abokina ya roƙi Kaka ya tsaya a ɗauke shi hoto. Ya girgiza kai.

“Ɗauki ruwan,” ya ce. “In an wanke, ku rubuta a bayansa: a nan akwai gona.”

Hoton yana cikin akwatina. Bayansa na fi dubawa.