Sabuwar Unguwa

Makonni uku ke nan da na koma Mastodon, kuma har yanzu shirun wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Bayan sallar asuba nakan duba waya in tarar da rubuce-rubuce ƙalilan, a jere yadda aka sako su, babu talla a tsakani. In karanta su duka, in ajiye wayar.

Tun da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, nake tunanin yadda hirarmu duka ke bi ta ƙofa ɗaya. Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, ƙofofinsa da yawa. Dubban ƙananan dandali ne masu zaman kansu, kowanne da mai kula da shi da dokokinsa, amma suna gaisawa kamar gidajen unguwa ɗaya. Wanda na zaɓa 'yan sa kai ne ke riƙe da shi, da ɗan abin da jama'a ke bayarwa. Idan zaman bai yi mini ba, zan iya ƙaura zuwa wani dandalin da mabiyana, sai dai tsofaffin rubuce-rubucena su tsaya a can.

Kewar mutanena ce ke damuna. Abokan karatu da 'yan uwa duk suna inda na baro su. Sai da na yi kwanaki ina nema kafin na ga mai rubutu da Hausa. Na yi masa sallama. Washegari ya amsa, ya tambaye ni daga wane gari nake.