Karatun Waya: Na Zaune Da Na Ajiya

Yau zancen karatun waya na kawo muku, don ya taɓa haɗa ni gardama da ƙanwata da ke aure a Kebbe.

Sa'ad da aka rufe makarantu cikin watan Maris na 2020 saboda cutar korona, Islamiyyarmu ta matan aure a nan Tambuwal ita ma ta tsaya. Malamarmu ta ce mu koma waya, ta kuwa yi mana iri biyu. Na fari, bayan La'asar ta kira mu a WhatsApp, mu bakwai bakwai, don a lokacin kira ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 8. Ta biya, mu biya, kowa na jin kowa. Na biyu, ta ɗauki muryarta ta aiko, kowace ta saurara sa'ad da ta sami sarari. Ni na kan kira na farin karatun zaune, na biyun na ajiya.

Na sa ƙanwata ta shiga. Kwana uku ta daina amsa kira. Na yi mata faɗa, sai ta ce, "Yaya, ke 'ya'yanki sun girma. Ni da La'asar tukunya na bisa wuta, goyo na baya, ga layi na yankewa, ga kuɗin kati. Muryar Malama kuwa sau goma nake jinta ina tankaɗe." Na rasa ta cewa.

Cikin Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da mu. Karatun zaune ya mutu nan take. Na ajiya kuwa yana nan cikin wayarta, da shi ta ci gaba har ta haddace izu biyu. Ni fa? Kai, abin kunya! Muryoyi fiye da talatin na tara ban buɗe ba, kullum sai gobe, don ba mai tambayata.

To, amma da ta zo ganin gida da Salla ta biya mini, sai na ji tana ja inda ba a ja, a aya ɗaya. Wata da watanni tana maimaita shi har ya zauna mata a harshe. Muryar da aka ɗauka ba ta da kunne, ba za ta ce miki "sake" ba. Da Malama na ji, tun ran farko za ta tare ta. Sai da muka yi mako uku kafin ya fita.

Lalle Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta san wannan. Waƙoƙinta matan ƙauye suna haddacewa suna aikinsu, amma ba ta bar su haka nan ba. Ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, suna kai da komo tsakaninta da 'Yan Taru.

Yanzu ƙanwata tana sauraron na ajiya yadda ta saba. Ran Alhamis ta ɗauki nata karatun ta aika wa Malama a gyara mata. Daren Juma'a kuma, in yara sun yi barci, ni ke kiranta, ta biya mini, ni ma in biya mata. Makon jiya ita ta kama ni da kuskure biyu.